Karatun Fitar Bani Isra'ila Daga Masar a Wurin Yahudawa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga ɗaliban nazarin addinai, da masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, da waɗanda suka san ƙissar Annabi Musa daga Alƙur'ani suke son jin yadda Yahudawa ke karanta ta a ibadarsu. Lambobin sura da aya duk na ƙidayar Ibrananci ne. Inda suka saɓa da na fassarar Kirista, amsar ƙarshe ta nuna yadda za a daidaita.

A ina labarin yake a cikin Attaura?

Yana cikin littafi na biyu daga biyar, wanda ake kira Fitowa da Hausa. Yahudawa suna ce masa Shemot, wato "sunaye", domin da jerin sunayen 'ya'yan Yaƙubu ya buɗe. Surorinsa 40 ne, amma zancen bauta da kuɓuta ya ƙare a sura ta 15. Sauran na tafiyar jeji ne, da Dutsen Sina'i, da dokoki, da ginin alfarwar ibada.

Sura ta 1 ta ce mutum 70 suka shiga Masar, aka yi sabon sarki da bai san Yusufu ba, ya sa zuriyarsu aikin tubali a biranen ajiya na Fitom da Ramases. Sunan Fir'aunan bai zo ko sau ɗaya ba, amma an ambaci sunayen ungozomomi biyu da suka ƙi bin umarninsa, Shifra da Fu'a. Annobai goma suna tsakanin sura ta 7 da ta 12, ƙetare teku a ta 14, waƙar nasara a ta 15.

Yaushe ake karanta shi a majami'a?

Sau biyu a shekara, kuma hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. An kasa Attaura kashi 54, kowane kashi ana kiransa farasha, ana karanta ɗaya ko biyu kowace Asabar har a sauke cikin shekara. Labarin fita ya faɗo a farasha huɗu a jere: Shemot (1:1 zuwa 6:1), Wa'era (6:2 zuwa 9:35) mai annoba bakwai, Bo (10:1 zuwa 13:16) mai ukun ƙarshe, sai Beshallah (13:17 zuwa 17:16). Lokacinsu yakan kama daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Fabrairu.

Karatu na biyu shi ne na Fesah, Idin Ƙetarewa, wanda ke farawa 15 ga watan Nisan, cikin Maris ko Afrilu. Mutane da yawa suna zaton a idin ake karanta ƙissar daga farko har ƙarshe. Ba haka ba ne. Haihuwar Musa, da kurmi mai cin wuta, da annobai tara na farko duk ba sa cikin karatun majami'a na idin. Tun cikin sanyi aka wuce su.

To me ake karantawa a kowace rana ta idin?

Rana ta farko, Fitowa 12:21 zuwa 51: Musa ya tara dattawa, aka yanka ɗan rago, aka shafa jini a dogaran ƙofa, 'ya'yan fari na Masar suka mutu da tsakar dare, jama'a suka tashi daga Ramases zuwa Sukkot da ƙullun da bai kumbura ba. Rana ta biyu, Littafin Firistoci 22:26 zuwa 23:44, jerin idodin shekara.

Ranakun tsakiya ana kiransu Hol Hamo'ed, kuma an yarda a yi wasu ayyuka a cikinsu. Karatunsu huɗu ne: Fitowa 13:1 zuwa 16 kan keɓe ɗan fari, Fitowa 22:24 zuwa 23:19 da ta fara da hana cin ruwa a kan bashin talaka, Fitowa 34:1 zuwa 26 kan allunan dokoki na biyu da aka ba Musa, sai Littafin Ƙidaya 9:1 zuwa 14, inda aka ba wanda ƙazanta ko doguwar tafiya ta hana shi idin damar ramawa bayan wata guda. Rana ta bakwai, Fitowa 13:17 zuwa 15:26, ƙetare teku. Rana ta takwas, ga masu yin ta a wajen Isra'ila, Maimaitawar Shari'a 15:19 zuwa 16:17, in kuwa ta faɗo Asabar sai a faro daga 14:22 don karatun ya ishi mutum bakwai.

A kowace rana kuma ana fito da kwafi na biyu na Attaura a karanta hadayun idin daga Littafin Ƙidaya sura ta 28: aya ta 16 zuwa 25 a kwana biyu na farko a wajen Isra'ila, daga baya kuma a faro daga aya ta 19. Dalilin fito da biyu na sauƙi ne. Naɗaɗɗiya ce, kuma warware ta daga Fitowa zuwa Ƙidaya a gaban jama'a zai ɓata musu lokaci, abin da shari'arsu ta ƙi.

Yaya ake riƙe wannan jeri a ka? Yana canzawa?

Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malamansu na dā, a babin Megilla, ya kawo wata 'yar hadda ta kalmomi takwas da Aramiyanci daga malami Abaye: meshok tora, kaddesh bekaspa, pesal bemadbera, shelah bukra. Kowace kalma tana nuna wata kalma ta farkon karatun ranar. "Tora" a nan sa ne, ba Attaura ba, domin karatun rana ta biyu da zancen sa da tunkiya ya fara. Masu koyo sukan yi tuntuɓe a wannan wuri.

Asabar ce ke taɓa jerin. In ta faɗo cikin ranakun tsakiya, nata karatun Fitowa 33:12 zuwa 34:26 ne, wanda ya haɗiye na alluna. Idin ba ya taɓa farawa ran Litinin, Laraba ko Juma'a, saboda haka sigogin kaɗan ne. In ya fara Talata, Asabar takan zauna daidai gurbin karatun alluna, ba a motsa kome. In ya fara Alhamis, kamar a 2026, Asabar ce rana ta uku, sai ta tura karatun ɗan fari zuwa Lahadi, na bashi zuwa Litinin. In ya fara Asabar ko Lahadi, babu Asabar a tsakiya sam.

Mene ne haftara, kuma don me aka zaɓi waɗannan?

Haftara karatu ne daga littattafan annabawa da ke bin na Attaura ran Asabar da ranakun idi. Na Fesah an zaɓe su da lura. Rana ta farko daga Joshuwa sura ta 5 ne, idin farko a ƙasar Kan'ana, a Gilgal, lokacin da manna, abincin da ke sauko musu a jeji, ta daina sauka. Rana ta biyu 2 Sarakuna sura ta 23, idin da Sarki Yosiya ya farfaɗo da shi a shekara ta 18 ta mulkinsa. Asabar ta tsakiya Ezekiyel 37:1 zuwa 14, kwarin busassun ƙasusuwa. Rana ta bakwai 2 Sama'ila sura ta 22, waƙar Dawuda, domin waƙa ta bi waƙa.

Zaɓin rana ta takwas, Ishaya 10:32 zuwa 12:6, ya fi sauran kyau a ganinmu. A ciki ne kyarkeci zai zauna da ɗan rago, a kuma buɗe hanya "kamar ranar da Isra'ila suka fito daga Masar". Sannan 12:2 ta ɗauko jimla sukutum daga Waƙar Teku da aka karanta jiya, wadda ke cewa Ubangiji ne ƙarfina da waƙata. Yahudawan Ashkenazi, masu asali a tsakiya da gabashin Turai, suna ƙara Waƙar Waƙoƙi ran Asabar ta idin.

Yaya ake gudanar da karatun, kuma me yakan lalace?

Sai mutum goma baligai sun hallara. A majami'un gargajiya maza kaɗai ake ƙirgawa, wasu ɗariƙun zamani suna ƙirga mata. Ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya su hau su yi albarka, hawan kuwa shi ne aliya: biyar ran idi, bakwai in Asabar ce, huɗu a ranakun tsakiya. Na farko daga zuriyar Haruna, na biyu Balawi, wato daga zuriyar Lawi ɗan Yaƙubu, sauran daga kowa. Ba a ba mutum ƙasa da aya uku. Yawanci ƙwararren makaranci guda ne ke karanta wa duka, yana bin layi da ɗan sanda mai siffar hannu, domin ba a taɓa fatar da yatsa.

Wahalar aikin daga rubutun take. Da hannu ake rubuta Attaurar majami'a a kan fata, babu wasali, babu alamar ƙarshen aya, babu alamun rerawa. Duk wanda ya taɓa karanta ajami marar wasali ya san abin da ake nufi. Makaranci yakan yi tilawa da wani littafi mai suna tikkun, mai shafi biyu gefe da gefe, ɗaya da wasali ɗaya babu. Mutum biyu suna tsaye dama da hagu da bugaggen littafi suna bi. In kuskure ya canza ma'ana, dole a maimaita kalmar. In a rerawa ne kawai, a wuce. In kuwa aka tarar harafi ya goge ko biyu sun manne har siffarsu ta ɓaci, sai a naɗe wannan Attaura a ɗauko wata a ci gaba daga inda aka tsaya. Shi ya sa ake duba wuraren karatun idi tun da kwanaki, musamman da yake tsohuwar tawada takan ɓare a inda ake yawan warwarewa.

Yahudawan Yaman har yau suna bin kowace aya da fassararta ta Aramiyanci, al'adar da sauran suka daɗe da bari.

Me ya bambanta Waƙar Teku da sauran karatun?

Ko ba ka iya Ibrananci ba za ka gane ta da ido. Fitowa 15:1 zuwa 19 ana rubuta ta a layi 30, kalmomi da sarari suna saɓa wa juna kamar jeren tubali a bango. Doka ce, ba ado ba: in magatakarda ya rubuta ta a miƙe kamar sauran, Attaurar ba ta halatta ga karatu. A wurare da yawa jama'a suna miƙewa tsaye, makaranci kuma yana sauya karin murya a ayoyin da sunan Ubangiji ya zo. Bayanta akwai gajeriyar waƙar Maryamu 'yar'uwar Haruna, da mata masu kiɗa.

Sau biyu ake karanta ta daga fata: rana ta bakwai ta idin, wadda al'ada ta ce ita ce ranar ƙetarewa, da Asabar ɗin Beshallah, da ake kira Asabar ta Waƙa. Haftarar wannan Asabar waƙar Debora ce daga Littafin Mahukunta. Ana kuma faɗin ta kullum a addu'ar safe.

Mece ce Haggada, kuma me ya sa ba surorin Fitowa take bi ba?

Haggada littafin da ake karantawa ne a gida, a kan teburin cin abinci, daren farko na idin, da dare na biyu a wajen Isra'ila. Zaman sunansa Seder, wato "tsari". Tushensa Fitowa 13:8: "Ka faɗa wa ɗanka a ranar nan." Ƙashin bayan tsarin yana babi na 10 na Fesahim a cikin Mishna, kundin dokokin baka na malamansu, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, bayan rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 ya tsai da yankan rago.

Abin mamaki, ayoyin da Mishna ta ce a yi sharhi a kansu daga Maimaitawar Shari'a sura ta 26 suke, furucin da manomi ke yi in ya kawo nunan fari. Aya huɗu ne kacal, ta 5 zuwa ta 8, kuma da bakin "mu" suke magana: sun wulaƙanta mu, muka yi kuka, ya fisshe mu. Wannan ya dace da ƙa'idar Mishna cewa a kowane zamani mutum ya ɗauki kansa kamar shi ya fito daga Masar. Haggada takan tsinke kowace aya gunduwa-gunduwa, ta kawo wa kowace shaida daga Fitowa ko wani littafi. Ta tsaya a aya ta 8, ba ta kai ta 9 mai zancen shiga ƙasar ba.

Akwai tarko a jimlar farko. A zahirin nahawu tana cewa "ubana Ba'aramiye ne mai yawo". Haggada kuwa ta karanta ta "Ba'aramiye ya nemi hallaka ubana", tana nufin Laban surukin Yaƙubu. Wanda ke bi da fassarar Hausa zai ga kamar ba aya ɗaya ake magana a kai ba, alhali ita ce.

Kofuna huɗu, 'ya'ya huɗu, tambayoyi huɗu: daga waɗanne ayoyi?

Kofunan ruwan inabi an jingina su da alkawura huɗu na Fitowa 6:6 da 7: zan fisshe ku, zan kuɓutar da ku, zan fanshe ku, zan ɗauke ku ku zama jama'ata. Aya ta 8 tana da na biyar, zan kai ku ƙasar, kuma da shi ake danganta kofin Annabi Iliya da ake cikawa ba a sha.

'Ya'ya huɗu sun fito daga wurare huɗu da Attaura ta yi zancen amsa wa yaro. Mai hikima daga Maimaitawar Shari'a 6:20, mugu daga Fitowa 12:26, mai sauƙin kai daga 13:14, wanda bai iya tambaya ba daga 13:8, inda aka ce ka faɗa masa ba tare da ya tambaya ba. Tambayoyi huɗu ba ayoyi ba ne, tushensu Mishna ne, autan gida ke rera su: don me yau sai gurasa marar yisti, don me ganye mai ɗaci, don me ake tsoma abinci sau biyu, don me ake ci a kishingiɗe. A da akwai ta gasasshen nama, ta fita bayan an daina yanka.

Kuskuren da ya fi yawa a gidaje shi ne jan sharhi har yara su yi barci, alhali dominsu aka shirya zaman, ko a makara da cin gutsuren gurasa na ƙarshe, afikoman, da ake so a ci kafin tsakar dare. Malamansu sun kuma ce a fassara wa kowa da harshen da yake ji. Yahudawan Iran da Afganistan suna da nasu maganin gyangyaɗi: in an zo waƙar Dayenu sai su riƙa bugun juna da lawashin albasa, a madadin bulalar masu gandu.

Gaskiya ne sunan Musa ba ya cikin Haggada?

Kusan haka ne. A nassin gargajiya da aka fi bugawa sau ɗaya yake fitowa, a cikin ayar Fitowa 14:31 da aka jawo don shaida. Haggada ta nanata cewa Ubangiji ne ya fisshe su da kansa, ba ta hannun mala'ika ko manzo ba. A majami'a kuwa sunansa ko'ina ne.

Me ya sa ake rage Zaburar yabo bayan farkon idin?

Hallel Zabura 113 zuwa 118 ne, kuma ta 114 ta buɗe da fitar Isra'ila daga Masar. A Seder ana raba shi: biyu kafin abinci, huɗu bayansa, a ƙara ta 136. A majami'a ana yin sa cikakke ran farko, da ta biyu a wajen Isra'ila, daga nan a riƙa tsallake aya 11 na farkon Zabura 115 da 116. Talmud ya ba da dalilin shari'a: hadayun kwanakin Fesah iri ɗaya ne, ba kamar na Idin Bukkoki ba. Dalilin da ya fi yawo a bakin mutane wani ne, cewa Ubangiji ya hana mala'iku waƙa yayin da halittunsa, Masarawa, ke nitsewa. Da irin wannan tunani mutane da yawa ke bayyana ɗigar da inabi daga kofi a kan kowace annoba.

Shekara nawa suka yi a Masar: 430, 400 ko 210?

Fitowa 12:40 ta ce 430, Farawa 15:13 ta ce 400. Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, ya nuna ba za su zama duk a Masar ba. Kohat kakan Musa yana cikin waɗanda suka shiga, ya rayu shekara 133, ɗansa Amram 137, Musa na da 80 lokacin fita. Ko an tara su ba ragi, 350 ne. Saboda haka al'adar malamai ta ƙirga 400 daga haihuwar Is'haƙu: yana da 60 aka haifi Yaƙubu, Yaƙubu na da 130 ya shiga Masar, a cire 190, saura 210. Ita kuma 430 daga alkawarin da aka yi wa Ibrahim, shekara 30 kafin haka. Tsohuwar fassarar Girkanci da Attaurar Samariyawa sun haɗa Kan'ana da Masar a wannan aya.

Kwana bakwai ne ko takwas?

Attaura ta ce bakwai, haka ake yi a Isra'ila. A da sai an ga jinjirin wata an tabbatar a Urushalima, 'yan aike ba sa kai wa nesa da wuri, sai mazauna waje suka riƙa ninka ranar idi don kauce wa shakka. Al'adar ta zauna ko bayan an tsai da kalanda ta lissafi. Ɗariƙar Rifom, ɗaya daga ɗariƙun zamani, bakwai take yi a ko'ina.

Wannan na haifar da ruɗani a wasu shekaru. In idin ya fara Asabar, kamar a 2019 da 2022, rana ta takwas ma Asabar ce. Isra'ila ta riga ta koma farasha ta mako, waje na karatun idi, sai a yi makonni ana tsere da kashi ɗaya, har waje ya haɗa biyu a Asabar guda ya cim ma. Matafiyi tsakanin wuraren biyu zai iya jin farasha ɗaya sau biyu ko ta kuɓuce masa.

Ana tuna fitar a wajen idin?

Kullum, safe da dare. Sashe na uku na addu'ar Shema, Littafin Ƙidaya 15:37 zuwa 41, da ita ya rufe. Biyu daga nassoshi huɗu da ke cikin tefillin, 'yan akwatunan fata da ake ɗaurawa a hannu da goshi, Fitowa 13:1 zuwa 10 da 13:11 zuwa 16 ne. Kafin idin kuma akwai Asabar ta shiri da ake ƙara Fitowa 12:1 zuwa 20 a shigowar Nisan, da Babbar Asabar mai haftara daga Malakai 3:4 zuwa 24.

Ina alaƙar wannan da ƙissar Alƙur'ani da azumin Ashura?

Jigon ɗaya ne, filla-fillar ta bambanta. A Fitowa 'yar Fir'auna ce ta ɗauki jaririn, a Suratul Ƙasas matarsa ce ta roƙa a bar shi. Suratul Isra'i ta ambaci ayoyi tara, A'arafi ta jera ɗufana, fara, ƙwarƙwata, kwaɗi da jini.

Hadisin Ibn Abbas a Bukhari da Muslim ya ce an tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura don ranar da Allah ya tserar da Musa. A kalandar Yahudawa ta yau ranar ƙetare teku 21 ga Nisan ce, ranar idi da ba a azumi. Azuminsu na goma ga wata shi ne Yom Kippur, 10 ga Tishri, kuma masu bincike da yawa da shi suke danganta Ashura. Azumin da ya shafi Fesah kai tsaye na 'ya'yan fari ne, ran jajibere.

In ina bi da Littafi Mai Tsarki na Hausa, ina zan yi hattara?

Da lambobi tukuna. Fitowa 7:26 zuwa 29 na Ibrananci shi ne 8:1 zuwa 4 a yawancin bugun Kirista, don haka duk sura ta 8 ta goce da aya huɗu. Sura ta 22 ta goce da ɗaya: karatun bashi da ya fara a 22:24, ka neme shi a 22:25. Malakai 3:4 zuwa 24 kuwa shi ne 3:4 zuwa 4:6.

Sai kalmomi. Abin da aka fassara Bahar Maliya a nassin Yam Suf ne, tekun iwa. Annoba ta huɗu, arob, fassarori da yawa sun ce ƙudaje, amma Rashi da akasarin zanen da ke cikin Haggada suna nuna gaurayen namun daji. Sunan Ubangiji mai harafi huɗu ba a furta shi: a karatu Adonai za ka ji, a hira Hashem, wato "Sunan". Ranar Yahudawa kuma daga faɗuwar rana take kamawa, saboda haka in kalanda ta nuna 15 ga Nisan ran Alhamis, Seder daren Laraba ne bayan duhu ya shiga, karatun Fitowa 12:21 kuma da safiyar Alhamis.